Abin da ya sa ba ma ɗibar jinin kwaɗo

Ɗana, jiya a bakin Kogin Kaduna ka tambaye ni me ya hana mu soka wa kwaɗon allura mu ɗebi jini kamar yadda ake yi wa kaza, maimakon mu jefa shi a kofin gilashi mu zauna awa guda sauro na cin mu. Hannuna na cikin ruwa lokacin, shi ya sa na ce ka bari sai mun dawo.

Abin da muke nema sunansa kotikosteron, sinadarin da jikin kwaɗo ke saki idan ya shiga matsi. Matsalar ita ce kamun da ka yi masa ma matsi ne. Ƙa'idar da masu aikin nan suka daɗe a kai ita ce a ɗebi jini cikin minti 3 da kamu, in ya wuce haka to tsoron da ka ba shi kake aunawa, ba halin da yake ciki a fadamarsa ba. Gwada nemo jijiyar dabbar da ba ta kai babban yatsanka ba, cikin duhu, da tocila a baki, a minti 3. A ƙananan ma sai dai a soki zuciya ko a kashe dabbar. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Da burduddugin da ya cika kududdufan Rigasa da damina, wani zai ce ba asara. Amma shi makarantarmu ce kawai. An tsara aikin ne don irin wanda ba a da rararsa. Ƙididdigar da aka fitar a 2023 ta nuna kashi 41 cikin 100 na jinsunan kwaɗi da danginsu na fuskantar ƙarewa. A nan gida akwai kwaɗon Perret, wanda ba a san shi a ko'ina ba sai duwatsun Idanre a Jihar Ondo. Wannan ba dabbar da za ka yi koyon allura a kanta ba ce.

Sa'armu fatar kwaɗo kamar rariya take. Yana sha da ita, yana numfashi da ita, sinadarin kuma yana tsattsafowa ta nan da ta fitsari ya shiga ruwa. Caitlin Gabor ta Jami'ar Jihar Texas a Amurka na cikin waɗanda suka kafa wannan hanya. Edward Narayan kuwa da fitsari ya yi nasa, a kan kwaɗon ƙasa na Fiji. Mu ruwa muka zaɓa. Ka zuba wanda zai rufe masa ciki bai nutsar da shi ba, ka rufe kofin, ka duba agogo. Minti 60, ba 55 ba, ba "bari in ƙarasa shayi" ba. Sai ka fitar da shi, ka auna nauyinsa, ka mayar da shi daidai inda ka ɗauko shi. Nauyin nan kada ka manta da shi, domin babba ya fi ƙarami saki, sai an raba da giram da awa lissafin ke yin ma'ana. A ɗakin gwaji a tace ruwan ta matatar C18 mai kama sinadarin, a yi amfani da metanol, wani ruwan sinadari mai narkar da abu, a wanko abin da ya maƙale, a busar, sannan farantin gwajin da ake kira ELISA ya faɗi adadin sinadarin.

Ruwan famfo kada ya kusanci kofin, akwai kulorin. Safar hannu marar hoda, sabuwa ga kowane kwaɗo, saboda cutar fatar nan ta kitrid da ta gama da kwaɗi a ƙasashe da dama tana bin hannu. Kullum kuma ka ajiye kofi ɗaya da ruwa zalla ba kwaɗo, shi ne shaidarka cewa abin da ka gani ba daga ruwan ya fito ba.

Ni kaina na taɓa yin shirme. Wata damina na jera kofuna a bayan mota kusa da janareto yana ruri, don ina son haske. Adadi ya fito sama, har na fara murna na gano gurɓataccen rafi. Maigidana ya dubi takardar ya ce, "Ina ka ajiye su?" Shiru na yi. Aikin dare uku ya tafi a banza.

Inda yara ke yawan zamewa shi ne karanta sakamakon. Adadi mai yawa ba lallai wahala ba ne, namijin da ke kwana yana kiran mace ma nasa na hawa. Kaɗan kuma ba lallai lafiya ba ne. Kwaɗon da ya daɗe cikin matsi yakan gaji, jikinsa ya daina amsawa. Shi ya sa kafin mu mayar da shi muke ƙara awa ta biyu a sabon ruwa muna ɗan girgiza kofin lokaci-lokaci. Mai lafiya nasa zai tashi. Wanda bai motsa ba, shi ya fi damuna. Kuma akwai jinsunan da abin da ke ruwa bai bin abin da ke jini, don haka kowane sabon jinsi sai an tabbatar da hanyar a kansa tukuna.

Gobe bayan isha'i za mu koma. Ka wanke kofunan yau, ka sa ƙanƙara a kula tun da rana, ba na son mu dogara da wutar unguwar nan.