Amsa ga 'yar'uwar da ke son sa wa firizarta sola

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Da na karanta tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta: kina sana'ar ƙanƙara da zoɓo, fetur ya cinye riba, kina son sanin abin da za ki kashe ki sa sola mai riƙe firiza dare da rana. Ki sani tun yanzu, wutar rana ba ta da tsada, farantin sola mai karɓar hasken rana ya yi araha sosai a 'yan shekarun nan. Abin da zai riƙe miki wuta daga magariba zuwa hantsi, wato batir, shi ne mai cin kuɗi, kuma shi ke fara mutuwa.

Ni tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na shiga halin da kike ciki. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce dubu. Na kwashi adashina, na haɗa da sarƙar gwal ta aurena, na damƙa wa wani mai haɗa sola. Yaron nan "Anti, Anti" ba ta fita daga bakinsa, a falona ya ci tuwo, ya rantse da Allah batiran sababbi ne dal. Azumi ya kama cikin tsananin zafi, na karɓi kuɗin mutane na ƙanƙara da kunun aya na buɗa-baki. Tsakar dare inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ta hau kuka, ta ɗauke. Da na tashi sahur na buɗe firiza, ledojin nan ruwa ne tsululu yadda na ƙulla su, kafin azahar gorunan kunu sun kumbura, tsami har ƙofar gida. Wallahi zama na yi a ƙasa na yi ta kuka, ga yaran mutane a zaure da kuloli suna jira. Na kira mai haɗa solar a waya, tana ƙara ba ya ɗauka, daga baya ma a kashe. Wanda ya zo ya duba min ya ɓare takardar jikin batir ɗaya, sai ga tsohuwa a ƙarƙashi. Tsofaffi ne aka wanke aka liƙa musu sabon tambari. Har gidan iyayensa na je, aka ce ya yi tafiya. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Don Allah ki sa a yi miki lissafi a gabanki. Batirin ruwa mai 12V 200Ah a takarda yunit 2.4 na wuta (kilowat-awa) yake ɗauka, amma rabi kawai za ki sha, in kina ƙarar da shi kullum ba zai yi ƙarko ba. Na litiyom ana shan kashi 80 cikin ɗari har sama, yana kuma daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsa na farko na sa mutum jiri. In da hali ki daure ki saye shi. Kada a ajiye miki batir a sito mai rufin kwano, zafi na kashe shi. Inbata ma a sa babba, domin firiza idan za ta tashi takan ja ninkin-ba-ninkin abin da take ci.

Dabarar da ta cece ni: da rana nake haɗa ƙanƙara, wuta na zuwa kai tsaye daga faranti, firiza a cike maƙil, da dare ba mai buɗe ta. Sanyin da ta tara yana rage wa batir wahala.

Masu ce miki ki jira wutar layi, ki tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin wuta daga dam ɗin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu. Ga ruwa a dam, wuta mai tsabta ba hayaƙi, amma ba hanyar da za ta iso mana. 'Yan Band A kuwa, wato rukunin da aka fi ba wutar layi, a Afrilun 2024 aka kai musu yunit naira 225.

Janaretarki kada ki sayar, watan Agusta hadari kan rufe rana wuni guda. Lokacin hunturu ki sa yara su riƙa wanke farantan da sassafe, ƙura na rage wuta. Kuma ko ɗan ɗakinku ne zai haɗa miki, a rubuta lambar kowane batir a rasit, kada ki cika masa kuɗi sai firizar ta kwana a kai kin gani da idonki.