Adireshin da ke takardar haihuwa ya ɓata mini shekara uku

Malam, da na karanta cewa ka ga kakan matarka a ƙidayar jama'ar Ingila ta 1911 yana aiki a masaƙar auduga amma ka rasa iyayensa, sai na ji kamar labarina kake bayarwa, domin haka na yi fama wajen neman asalin surukata, mutuniyar Lankasha da ke arewacin Ingila.

Kafin komai, kada ka biya kowa ya haɗa maka salsala. Ni na biya wani da ke kiran kansa masani, ya kawo mini takarda mai ado wadda ta jingina dangin ga wasu masu gonaki, don kawai sunan gidansu ya zo ɗaya. Surukata ta rataye ta a falo tana nuna wa baƙi, kuma ni aka bar wa aikin gaya wa tsohuwa cewa ƙarya ce. Na rubuta masa sau huɗu bai amsa ba, har yau abin yana ci mini rai.

Talaka bai bar wasiyya ko takardar fili ba, sunansa yana wurin da ya je neman taimako. Takardar haihuwar mahaifiyar surukata, ta 1906, ba ta da sunan uba, sai lambar gida da sunan titi, na kuwa daɗe ina neman wanda ya zauna a gidan. Ashe tun 1904 aka shawarci masu rajista su daina rubuta cewa an haifi yaro a gidan gajiyayyu, inda ake sa matalauta aiki, su riƙa sa adireshi na yau da kullum don rufin asiri. Adireshin nan na gidan gajiyayyu ne. A ma'ajiyar tarihi ta garin Preston, a Lankasha, na ga sunan kakar surukata a littafin shiga da fita na gidan, ta shiga da tsohon ciki. Na kasa ci gaba da karatu a ranar.

Saboda haka ka binciki adireshin da ke takardar haihuwar kakan matarka. Ka kuma duba kundin GRO, wato babban ofishin rajistar haihuwa, aure da mutuwa na Ingila, wanda ke nuna sunan gidan uwa kafin aure, sannan ka gwada FreeBMD, shafin intanet na jerin haihuwa, aure da mutuwa, kyauta ne. Kada ka jira ƙidayar 1931, ta ƙone a gobarar 1942, rajistar jama'a ta 1939 ce madadinta. Idan kana zaton kakan ya yi soja, ka rage buri, domin bama-baman 1940 sun cinye fiye da rabin takardun sojojin yaƙin duniya na farko.

Wane gari aka rubuta a matsayin mahaifarsa a 1911?