Amsar tambayarka kan takobin Alhaji Babba

Salamu alaikum ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ciwon ƙafar nan ne ya hana ni zama in amsa maka. Kace wani mai sayen kayan da ya taya takobin kakanku Alhaji Babba da kuɗi masu kauri, kuma kana tambaya wai meye amfanin ajiye shi tunda an daina yaƙi da takobi, sannan me yasa mahaya suke zare shi a gaban sarki ranar hawa, ba raini bane?

To ka saurara. Kar ka sayar, ko nawa ya baka.

Mu a ƙasar nan takobi shaida ne. Kaje Daura, har yau takobin da ake cewa da shi Bayajidda ya sare macijiyar rijiyar Kusugu yana fada ana adana shi, kuma masu ba da labarin suna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera masa. A Katsina akwai Gajere, wanda ake dangantawa da Muhammadu Korau, yana cikin kayan sarautar da ake miƙa wa sabon sarki. Kaga ai ba don a sari kowa ake ajiye su ba, don a san daga ina mulkin ya taso ne kuma a hannun wa amanar take yanzu. Sandar nan da gwamna yake miƙawa sai da Turawa suka ci ƙasar a 1903 ta shigo, kuma a shekarar ne a Kwatarkwashi dawakin Kano suka tunkari bindiga da takubba da masu, Waziri Ahmadu a wurin ya rasu. Allah ya jiƙansu, duk sanda na tuna sai jikina yayi sanyi wallahi.

Maganar hawa kuwa ba raini a ciki ko kaɗan. In kaga hakimi da mutanensa sun sako dawaki a guje kamar zasu bi ta kan sarki, sai sun zo dab sannan su ja linzami doki ya turje ƙura ta tashi su ɗaga takobi sama suna jinjina, abinda suke faɗa shine ranka ya daɗe ga mu ga makamanmu, duk naka ne, inda ka nuna nan zamu. Kuma ka lura da sun gama sai kowa ya mayar cikin kube. A da yaro bai isa ya zare takobi haka kawai don burga ba, sai ya sha faɗa wurin manya, shi yasa abinda samarin yanzu suke yi na yawo da adda da gariyo a unguwa ranar sallah yake ƙona min rai, wannan ba gadonmu bane.

Ta fannin addini ma ka sani, Annabi (SAW) ya kira Khalid ɗan Walid Saifullahi, takobin Allah, ga Zulfiƙar na Sayyidina Ali, ga hoton takobi kuma a tutar Saudiyya ƙarƙashin kalmar shahada. Amma ƙarfe ne, baya tsare gida baya korar aljani, in wani yace maka akwai asiri a jikinsa kar ka kula shi.

Na gidanmu ka duba shi da kyau, miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu irin na Buzayen Agadas, kubensa jan fata ne ya ɗan yi faɗi wajen ƙasa, kuma da hamila ake rataya shi a kafaɗa ba a ƙugu ba. Kakanku yakan sauko da shi duk jajiberin sallah ya goge da tsumma da ɗan mai, mu muna tsugune a gefe ba mai taɓawa. Kai ma kayi haka, kar ka bari damina ta sa masa tsatsa, kar kuma ka kai wa mai wasa wuƙa ya cinye masa baki a inji. Kuben in ya tsage ka kai wa baduku ya ɗinke, ni zan biya. Ka gaida mahaifiyarka da kyau, kace ina nan tafe bayan sallah in Allah ya yarda.

Baffanka