Batman na yara da Batman na manya: wanne ya kamata a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 11 yana matuƙar son Batman saboda katun ɗin da yake kallo, kuma na yi masa alkawarin littafin zane idan ya ci jarrabawa. Wani mai sayar da littattafai a intanet ya ce in ɗauki The Dark Knight Returns, wai babu kamarsa. Ya dace da yaron? Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Mai sayarwar bai yi ƙarya ba game da darajar littafin, sai dai ba don yaro ɗan shekara 11 aka yi shi ba, kuma shawarata ita ce ka dakata da sayensa tukuna.

Batman ya fara fitowa ne a Amurka a 1939, kuma ya daɗe yana sauya kama. A shirin talabijin na 1966 ya zama jarumin raha da ban dariya. Marubuci kuma mai zane Frank Miller ne ya juya akalarsa a 1986, lokacin da kamfanin DC ya fitar da labarinsa The Dark Knight Returns kashi huɗu. A ciki Bruce Wayne, wato ainihin sunan Batman, ya kai shekara 55, ya yi shekara goma da ajiye kayan Batman, jikinsa ya yi nauyi, zuciyarsa kuma cike take da ɗaci, sannan ya dawo ya fuskanci gungun matasa 'yan daba da suka addabi birnin Gotham. Dukan da ake yi a ciki na karya ƙashi ne, kuma akwai wurin da Joker, babban abokin gabar Batman, ya hallaka ɗaukacin masu kallo a ɗakin shirin talabijin da iskar guba. Superman, wanda yara suka sani da gaskiya da tausayi, ya koma ɗan aiken fadar shugaban Amurka a zamanin yaƙin cacar baka, har ta kai su biyun ga gwabzawa.

Ko an kawar da batun jini, karatun kansa yana da nauyi, domin shafuka da yawa an tsattsaga su gida-gida har goma sha shida, cike da 'yan jarida da masana suna gardama a kan ko Batman mai ceto ne ko mai laifi. Babba zai ji daɗin wannan muhawara, yaro kuwa zai tsallake ta ya tafi kai tsaye wurin faɗa, wato ya ɗauki ɓangaren da bai kamata ya ɗauka ba. Ka nema masa The Batman Adventures, wanda aka fara a 1992 bisa salon katun ɗin talabijin na Batman na waccan shekarar. Akwai bincike da jarumta a ciki, kuma ba a zubar da mutuncin mai karatu ƙarami ba. Ka kuma guji duk wanda ke ɗauke da tambarin DC Black Label, domin na manya ne.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a jami'a, kuma irin waɗannan labarai masu duhu nake so. Kuɗina na littafi ɗaya ne kawai. Da wanne zan fara?

Amsa: Malama, ki fara da Batman: Year One na 1987, wanda Miller ya rubuta, David Mazzucchelli ya zana. Labarin shekarar farko ce ta Batman, tare da ɗan sanda Jim Gordon da ya tsinci kansa cikin rundunar da cin hanci ya yi wa katutu, kuma ba ya buƙatar ki san wani abu tun da farko. The Dark Knight Returns ya fi armashi ga wanda ya riga ya saba da jaruman da Miller ya sake wa fasali. Ki sayi bugun Year One da ya haɗa dukkan kashinsa huɗu a littafi guda mai bango mai laushi, domin tsofaffin mujallun asali masu tara kayan tarihi ne ke farautarsu, kuma tsadarsu ba ta ƙara ko shafi ɗaya a labarin. Idan na hannu ne, ki nemi a turo miki hoton tsakiyar littafin a buɗe, don ki tabbatar gam ɗin bai saki shafukan ba.