Amsar maigida kan gwajin bayanin kayan aikin AI

Ka ce in faɗa maka yadda za ka gane ko bayanin da ka rubuta wa kayan aikin manhaja, wato ɗan aikin da AI ke kira a yi masa kamar duba farashi, ya ishi AI ya yi aiki da shi. To yaro, ba da karantawa ake ganewa ba. Kai ka rubuta abinka, dole ka fahimce shi. Shi kuwa AI sunan kayan aikin kawai yake gani, da 'yan layukan bayani, da guraben da zai cike. Kod ɗinka bai taɓa ganinsa ba. Tun watan Yunin 2023 da kamfanin OpenAI suka fito da wannan tsari na AI ya kira kayan aiki haka abin yake, kuma MCP, ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic suka saki a Nuwamban 2024 bai canza wannan ba. AI ɗan aike ne da ka miƙa wa takarda ka tafi gona, abin da ke cikinta shi zai bi. 

Wani dillalin shinkafa ne a nan Birnin Kebbi ya koya mini gaskiyar wannan magana. Mun yi masa ɗan aiken AI mai karɓar oda ta WhatsApp, ya biya rabin kuɗi. Na ce Alhaji, ba ni tsoffin saƙonnin masu sayenka in gwada da su. Ya ce sirrin kasuwa ne. Na koma, na sake komawa, ya ce in dai na iya aikina ba na buƙatar leƙa wayarsa. Yaron da ke wurina lokacin ya rubuta wa kayan duba farashi layi ɗaya tal: "Yana kawo farashin buhun shinkafa." Wane buhu? Alhaji yana sayar da shanshera, yana sayar da gyararriya mai kilo 50, mu kuma jadawalin da ya ba mu shanshera ce a sama. Wani mai saye daga Kamba ya rubuto yana son cikin mota, bai ce wace iri ba, don duk wanda ya san shi ya san gyararriya yake ɗauka. AI ya ba shi farashin shanshera, ya rubuta oda.

Ko buhu ɗaya ba a loda ba, wallahi. Yaron shagonsa ya gani ya kira mutumin, suka yi dariya. Amma Alhaji ya ce na zubar masa da mutunci a kasuwa, ya riƙe cikon kuɗina. Na ƙara layi biyu a bayanin, cewa dole a san iri da nauyin buhu, in ba a faɗa ba a tambayi mai saye. Matsala ta ƙare a ranar. Har yau da manhajar yake ciniki, in mun haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu.

Saboda haka nemo saƙonnin gaske, masu kuskuren rubutu, masu Hausa gauraye da Turanci, irin "a turo min kamar na wancan satin". A gaban kowanne rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da ya kamata a cike. Ka saki AI a kansu, kowanne sau da yawa, don yau zai dace gobe ya kauce. Saka har da saƙon da bai kamata ya taɓa komai ba, kamar gaisuwa. In kana da kaya biyu masu kama, duba farashi da duba abin da ya rage a sito, nan ne zai fi rikicewa. Ka ɓoye wasu saƙonnin, kada ka gyara bayani da su, sai ranar ƙarshe ka fito da su.

Sannan ka zauna ka karanta hirar layi-layi, ka ga inda ya kira abu sau uku don saƙon kuskuren da kayan aikinka ya mayar masa bai gaya masa abin da ya ɓata ba. Nan ne ku yaran yanzu kuke gudu. Ku gwada tambaya biyu da kuka ƙirƙira da kanku, ta yi, ku ɗauki hoto ku sa a Facebook. Wasunku ma AI ɗin kuke sa wa ya rubuta bayanin, ku liƙa ba ku duba ba.

Naka bayanin na gani jiya. Gurbin kwanan wata bai ce rana ke fara zuwa ko wata ba. Gyara shi kafin Azahar, ka kawo mini saƙonni 30.