Ku Tambayi Anti: Mu Shida Ne, Kullum Sai Mun Yi Rigima Kan Fim

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Mu shida ne, ƙawaye tun sakandare, huɗu sun yi aure, mu biyu muna gida. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata mukan haɗu a gidan ɗaya daga cikinmu, a yi girki a kalli fim. Wajen zaɓen fim ɗin ake samun matsala. Ɗaya ba ta kallon komai sai na Indiya, biyu na Hausa suke so, ɗaya ta nace wa na Koriya. Akwai kuma wadda kullum za ta ce "duk wanda aka sa daidai ne," amma da an kunna sai ta koma danna waya. Watan jiya har aka kira La'asar rimot na yawo hannu-hannu, ƙarshe aka watse ana kumbure-kumbure. Yaya za mu yi?
Daga ƙanwarki, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya bar zumunci. Inda kuke kuskure shi ne barin zaɓen sai ranar, bayan ciki ya ɗauka, kowa ta miƙe ƙafa a kan kafet. A wannan lokacin ko mutum biyu ne sai sun ja da juna, balle shida. Ga YouTube a buɗe, ga filas da aka ciko daga wajen masu tura fina-finai, ga abin da ke wayar kowa. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mu da muka tashi zamanin kaset, yaro ake aikawa shagon haya, abin da ya dawo da shi shi za a kalla, kuma ban tuna an taɓa ɓatawa a kai ba.

Don haka ku daina zaɓe tare. Kowane wata mutum ɗaya ce za ta zaɓa, karɓa-karɓa, ta faɗa muku tun ranar Laraba. Kada ku ce za ku kaɗa ƙuri'a. Masu son fim ɗin Hausa su biyu ne, da sun jawo ɗaya sun yi rinjaye, kuma haka za su yi ta yi har shekara ta zagayo. Mai son na Koriya ba za ta taɓa ci ba, wata rana sai ku ji ta fara cewa maigidan bai bar ta ba. Kuma kada zaɓen ya faɗo kan mai masaukin baƙi a watanta, domin rabin fim ɗin a kicin za ta yi shi.

Sai maganar agogo, wadda na ga ba ku sa ta a lissafi ba sam. Bayan Azahar kuke haɗuwa, kafin a gama gaishe-gaishe a ci abinci uku ta yi. Wajen ƙarfe huɗu za a tashi sallar La'asar, masu aure kuma kowa na so Magariba ta same ta a ɗakinta. In kin cire wannan kin cire wancan, abin da ya rage bai fi awa biyu da rabi ba. To ki ɗauki Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, wanda na san 'yar Indiyarku za ta fara ambata: awa uku da rabi ne cur. Sholay na 1975 shi ma ya haura awa uku. Ranar da zaɓe ya zo kanta, ko dai ku haɗu tun sha ɗaya na safe, ko ta nemo wanda ya fi guntu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa tura waƙoƙi gaba don a cinye lokaci. Mai son fim ɗin Indiya saboda waƙar take kallo, in kun tsallake mata ita kun ƙwace mata watanta ke nan.

Masu dogon zango kuwa ku bar su a gida. Kwana Casa'in tun 2019 yake tafe a Arewa24, Labarina da Izzar So tun 2020. A cikinku wata ta yi nisa, wata ta tsaya a tsakiya, wata ba ta ma fara ba. Da an kunna za a shiga "wannan wace ce?" da "ai shi ne wanda ya saki waccan," zaman ya koma darasi. Na Koriya ma yawancinsu kashi 16 ne, kowane kusan awa guda, ga shi sai an bi rubutun ƙasan allo. Mata shida da yara na rarrafe a tsakani, wa zai bi rubutu? Ƙawarku ta zo da fim guda mai farko da ƙarshe, ku kuma ku yi mata kara ku rage surutu na wannan yinin.

Dalili ɗaya ne kawai zai sa a ƙi abin da mai zaɓe ta kawo, shi ne kunya. "Ba na son jarumin" ba hujja ba ce. Amma a gidan aure kuke, uwar miji na iya leƙowa ku gaisa, ƙanin miji na iya sallama, ga yara. Kano na da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, sai dai abin da kuka sauko da shi daga intanet, na Amurka ne ko na Koriya, babu wanda ya tace muku shi. Saboda haka mai zaɓe ta kalli fim ɗin ita kaɗai tukuna, daga farko har ƙarshe, ba tallansa na minti biyu ba. Ta sauke shi tun daren Juma'a, ta zo da wuri a gwada a talabijin ɗin gidan a ji ko murya na fita, don na sha ganin fim ya yi lafiya lau a waya, a talabijin kuma baki na motsi shiru. A yi cajin kwamfuta ko babbar waya saboda ɗaukewar wuta.

Ita kuma mai "duk wanda aka sa daidai ne," ita za ku fara bai wa zaɓen wata mai zuwa. Irinsu suna da abin da suke so, gudun musu ne ke sa su yi shiru. In ta ce ta rasa, ku nuna mata tsofaffin fina-finan marigayi Rabilu Musa Ibro. Barkwanci na jure hira, ko kin fita ɗauko ruwa kin dawo ba abin da ya wuce ki, kuma bayan kumburin watan jiya kuna bukatar ku yi dariya tare.

TAMBAYA: Tanti, ina wuni. Muna da aboki, in ya riga mu ganin fim ba ya iya kame bakinsa. Ana tsakar kallo sai ya ce "ku lura da direban nan, shi ne ɓarawon." Mun yi masa magana ya ƙi bari.
Daga ɗanki, Maraɗi.

AMSA: Lafiya lau ɗana. Wannan ciwon ba ya jin magani, daɗin fim ɗin ne ke cin sa har sai ya furta. Ku daina tambayarsa wane fim ne mai kyau, don duk wanda ya ambata ya riga ya haddace shi. Ku nemo sabon fitowa, kada ku faɗa masa sunan sai ya zauna an kunna. In kuma aka yi rashin sa'a ya taɓa gani, ku miƙa masa butar shayi da gawayi ya zauna bakin ƙofa, sai ya sauke na uku sannan ya shigo.