Amsar Goggo kan sharar majami'a da addu'ar asuba

Ɗana, na ga saƙonka tun daren Laraba, na bari ne sai na natsu don tambayar taka ba wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ya iyali, ya aiki, ya sanyin nan? Mu nan lafiya lau sai godiya, an gama yankan dawa saura sussuka.

Kace a ikilisiyarku ta can Kaduna kwamitin matasa ya kawo shawara a ɗauki mai shara a riƙa biyan shi duk wata, a kuma soke addu'ar asuba tunda mutum biyar ko shida ne ke zuwa, shi ne kake tambayata wai abin nan da muke yi a gida, mata su share majami'a ranar Asabar, maza su nome gonar fasto ba ko kwabo, a buga ƙarfe tun da duhu, shin umarnin Ubangiji ne ko kuwa al'adar ƙauye ce kawai da rashin kuɗi ya jawo. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka ɗaga hannu a wurin taron.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai al'ada a ciki. Gayya ba Turawan mishan suka kawo mana ita ba, kakanninmu a ƙasar Malumfashi suna yin ta tun kafin su ji sunan Yesu, a dafa giya a kira makaɗa a afka wa gonar mutum ɗaya kafin rana ta take an gama. Da kakanka da 'yan uwansa suka tuba sai suka ajiye giyar suka riƙe gayyar, kunu da fura suka maye gurbin tulun giya, waƙar yabo ta maye gurbin kirari. To ka ga tukunyar tamu ce ta gado, abin da aka zuba a ciki ne sabo. Kuma su kansu masu bisharar da hidima suka shigo ƙasar nan, don an daɗe ba a barin mishan su yi aiki a ƙasashen sarakunan Arewa, sai a shekarun 1930 aka ba ƙungiyar mishan ta SIM riƙon asibitocin kutare, Babbar Ruga kusa da Katsina, Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato. Wankin gyambon da dangi ke gudu shi ya fara buɗe masu ƙofa.

Bari in ba ka labarin ginin majami'armu ta biyu, wadda ka sani kana yaro kafin a rushe ta a yi ta bulo. Ina amarya lokacin, ko shekara ban cika a ɗaki ba. Rani ne, rijiyar gari ta ja baya, sai mu mata mu tashi tun zakara bai yi cara na biyu ba mu tafi rafi mu tona yashi mu jira ruwa ya tsattsafo mu cika tulu, sawu uku sawu huɗu kafin hantsi, maza kuma suna kwaɓa ƙasa da ƙafa suna murza tubali suna jerawa a rana, yara na kwasar ciyawa ana zubawa cikin kwaɓin. Ranar yaɓe kowa da inda aka yanka mashi, ni bangon gabas na samu ƙasa da taga, kuma har aka rushe ginin nan in na shiga sujada sai idona ya kai wurin don shatin yatsuna na nan a jiki. Akwai lokacin da muka samu saɓani da wata a Zumuntar Mata har na yi sati biyu ban je ba, Allah ya sani abin da ya fara mayar da ni tunanin bangon nan ne, nace ni da na yaɓa ɗakin da hannuna wa zai kore ni daga ciki? Abin da nake so ka gane kenan. Wanda ya zuba guminsa a wuri ba ya barin shi da sauƙi, amma wanda ya zo ya tarar an share an jera kujeru an kunna fanka, baƙo ne, ran da aka buɗe wata majami'a mai sanyin na'ura a layin gaba can zai koma kuma ba za ka ga laifinsa ba.

A wurin ginin nan ne kuma muka samu ƙanin mijina. Shi bai tuba ba lokacin, yana kan tsafin gidansu, zuwan da ya yi biyan bashin gayya ne don 'yan ikilisiya sun taya shi ɗora jinka da damina. Ya ga ana aiki ba mai tsawa, ba a tambaye shi komai ba, aka ba shi fura aka yi addu'a aka sa sunan ɗansa mara lafiya a ciki. Ranar buɗe majami'a ya zo ya tsaya bakin ƙofa wai ya zo ganin azarar da ya ɗora, bayan damina biyu aka yi mashi baftisma. Yau jikokinsa biyu suna cikin mawaƙa.

Haka wata baiwar Allah da ta haihu mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, danginta kuma suna nesa. Ka san wankan jego ba ƙaramin itace yake ci ba, kwana 40 ana tafasa ruwa safe da yamma. Muka raba kwanakin a tsakaninmu, yau wannan ta kawo dami gobe waccan, wata ta dama kunun kanwa, wata ta yi wanki. Ba mu yi mata wa'azi ko sau ɗaya ba, ita ce da bakinta ranar da ta yi arba'in ta ce a koya mata waƙar da muke yi in muna hura wuta.

To yanzu ka tambaye ni ta yaya muka san tana cikin wannan hali? A addu'ar asuba aka faɗa. Nan ne nake ganin matasanku sun raba abin da ba ya rabuwa, sun ɗauka shara daban addu'a daban. Ƙarfen nan da ake bugawa, tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a bishiyar bedi, in ya yi ƙara mutane su fito lulluɓe da mayafi da fitilar ƙwai, a yi waƙa ɗaya a karanta 'yan ayoyi, sai mai bishara ya ce wa ke da abin addu'a. A nan za ka ji wane na kwance da zazzaɓi gonarsa ta cika da ciyawa, wance rumbunta ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Kuma mutum ba zai durƙusa ya roƙi Allah ya taimaki wane ba sannan ya tashi ya wuce ta gefen gonar wanen da fartanya a kafaɗa kamar bai ji ba, zuciya ba za ta bar shi ba. A farin 1973 da hatsi ya yi wuya, a wurin addu'ar nan aka riƙa yanke wa za a auna wa daga rumbun ikilisiya, kuma a asirce ake kai wa da dare don kada a kunyata mai gida. Yesu ma da asuba tun da sauran duhu yake fita wurin da ba kowa ya yi addu'a, duba Markus 1:35, daga nan ya shiga garuruwa.

Ka san shirin bisharar nan na Sabon Rai Don Kowa da kuke ganin kamar kiɗa da rawa ne kawai a yau? Da aka fara shi a farkon shekarun 1960 ba da taron fili aka fara ba, da ƙananan ƙungiyoyin addu'a aka fara a gidaje, mutum kaɗan su haɗu su ambaci maƙwabtansu da suna a gaban Allah kafin a fita biyu biyu. Mutum biyar ko shidan nan da kuke rainawa, da irinsu aka yi wancan aikin. Ita ma EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ikilisiyar ECWA, da ta girmi sunan ECWA ɗin, don sai a 1954 aka kafa ECWA, masu bisharar da ta aika da damin dawa da kwabban talakawa aka riƙe su, uwata na ware kwano ɗaya duk kaka tana cewa wannan na masu bishara ne.

Amma kada ka ɗauka komai namu daidai ne, mun yi kuskure kuma na gani da idona. An taɓa kawo mana wani shugaba, ba zan faɗi sunansa ba ya riga mu gidan gaskiya, mutum ne mai ƙwazo amma ya ga kamar ba a fitowa gonar ikilisiya yadda yake so, sai ya buɗe rajista, wanda bai zo ba a ci shi tara a kuma karanta sunansa ranar Lahadi a gaban jama'a. Shekarar nan gona ta yi kyau ba ƙarya, amma aka daina waƙa a wurin noma, kowa na duban wanda ya makara, gori ya shigo, masu zuwa addu'ar asuba suka ragu don ba mai son haɗa ido da ɗan uwansa, gida uku suka daina zuwa sujada gaba ɗaya, ɗaya har yau ba su dawo ba kuma abin na ci mani rai in na tuna. Aikin da aka yi don tsoron tara aikin gandu ne, sunansa kawai aka canza. Bulus ya gaya wa Korintiyawa kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa ba da tilas ba, kuma ni a ganina wannan bai tsaya a kan baiko kaɗai ba, har da tsintsiya da fartanya. Sai da dattawa suka zauna aka yaga rajistar aka yi sati guda ana addu'a da neman gafarar juna kafin abin ya fara warkewa.

Kan maganar biya kuwa ban ce haram ba ne. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, fasto a biya shi a kan lokaci, mai gadi da ke kwana a waje a wannan zamani na rashin tsaro a biya shi da kyau. In akwai gwauruwa a cikinku da kuɗin sharar zai rufa wa asiri, ku ba ta aikin tsakiyar mako ku biya ta, wannan ma hidima ce. Amma Asabar ku bar wa jama'a, ko sau biyu a wata ne. Ka karanta Ayyukan Manzanni sura 6, da gunaguni ya tashi kan rabon abincin gwauraye manzanni ba su ɗauko 'yan ƙwadago daga waje ba, ba su kuma bar addu'a ba, mutum 7 aka zaɓa daga cikin jama'ar su Istifanas da Filibus, aya ta 7 kuma ta ce yawan masu bi ya yi ta ƙaruwa a Urushalima.

Na san birni ba ƙauye ba ne, ma'aikaci na fita tun ƙarfe shida yana neman mota, ga nisa ga tsoron hanya. Mu ma nan da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu mun daina buga ƙarfe da duhu, muka mayar da ita bayan gari ya waye, wani lokaci gida gida. To ku ma ku sauya lokaci, ku raba ta unguwa unguwa, wanda ba zai iya fitowa ba a kira shi a waya a sa shi a ciki, amma kada ku rubuta a takarda cewa an soke. Kuma sanarwa daga kan bagade ba ta kawo mutum aiki, zumunta a ƙafa take, ka je ka samu yaron nan da ke zama a kujerar baya ka ce mashi Asabar ina buƙatarka ka riƙe mani tsani zan goge fanka. Da yawansu jira suke a ce ana buƙatarsu. Kai ma ka riga kowa zuwa, babanka haka yake, yana dattijon ikilisiya amma shi ke ɗebo ruwan yayyafa wa ƙasa kafin mu fara shara.

Ranar taron naku Asabar ce ko? Na faɗa wa matan Zumunta za mu sa ku a addu'a ranar Juma'a. Ka gaida mani amaryata da yaran, kace wa babban ina sane da alkawarin gyaɗarsa, in an samu mai zuwa Kaduna kafin Kirsimeti zan ba da a kawo. In kun tashi daga taron ka kira ni ko dare ya yi, ban cika barci da wuri ba.